Me ya ka da New England Patriots a kakar 2007 bayan sun ci wasa 18 a jere?

Tambaya: Ni ɗan kallon Firimiya ne, kwanan nan na fara leƙa ƙwallon Amurka. Na ji ana cewa a 2007 ƙungiyar New England Patriots ta cinye duk wasanninta, sai a wasan ƙarshe wata ƙungiya da ba a sa ta a lissafi ba ta doke ta. Yaya aka yi haka? Sa'a ce kawai? Kuma me ya sa ba a ɗaukaka su kamar Arsenal ta 2004 da ba a doke ta ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sa'a ta shigo cikin lamarin, ba na musu, amma a minti biyun ƙarshe ta shigo. Abin da ya ka da Patriots a hannun New York Giants ya riga ya faru tun kafin nan. Ƙungiyar da ta saba zuba maki kusan 37 a kowane wasa, ran nan 14 kacal ta iya haɗawa. Duk wanda ya ba ka labarin wannan wasa bai bayyana maka yadda aka yi suka tsaya a 14 ba, to labarin hular kwano kawai ya ba ka, wanda shi ma za mu zo gare shi.

Tunda sabon shiga ne kai, bari in shimfiɗa maka tabarmar wasan a taƙaice. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne a fili, amma 'yan kai hari daban, 'yan tsaro daban, ana musanya su duk lokacin da ƙwallo ta sauya hannu. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci, a sabunta musu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci tacdawun, maki shida, sannan a ƙara ɗaya da bugun ƙafa. In an kasa kaiwa, ana iya buga ta tsakanin sanduna a samu uku. Mai jifan ƙwallo shi ake kira kwatabak, kuma shi ne madugun harin. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu kawai su zame masa katanga. In 'yan tsaro suka keta katangar suka ka da shi yana riƙe da ƙwallo, an yi asarar dama an kuma yi asarar yadi. Ka riƙe wannan na ƙarshen, don a kansa duk labarin ya rataya.

Batun Arsenal kuwa amsarsa gajeriya ce. A Firimiya maki ake tarawa, wanda ya fi tarawa ya ɗau kofi. Arsenal ta yi canjaras 12 cikin wasa 38, ba wanda ya dame ta da su, kofi ya zo gida. A gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, wasannin kaka, waɗanda a lokacin 16 ne, tikiti kawai suke ba ka na shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Kofi yana wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, wasa ɗaya tal, babu gida da waje. Patriots sun ci 16 ɗin nan duka, suka ƙara biyu a sili ɗaya ƙwale, suka faɗi a na 19. Shi ya sa a Amurka in ka ce “18 da 1” kowa ya san da wa kake, kuma ba yabo ba ne.

Asalin ƙungiyar 2007 daga takaici ya taso. A Janairun wannan shekarar Patriots sun je Indianapolis wasan kusa da na ƙarshe, suka yi gaba da 21 da 3, sannan Colts ta Peyton Manning ta farfaɗo ta cinye su 38 da 34. Kowa ya ga inda gizo ke saƙa: Tom Brady, kwatabak ɗin da ya riga ya ci musu kofi uku, ba shi da masu cafe ƙwallo na kirki, don an sayar da Deion Branch ga Seattle tun farkon waccan kakar. Koci Bill Belichick, mutumin da aka sani da maƙo wajen kashe kuɗi a kan taurari, sai ya shiga kasuwa da gaske. Ya ɗauko Wes Welker daga Miami, ɗan guntun mutum da ba a ko zaɓe shi ba lokacin da ya fito daga jami'a. Ya ɗauko Donté Stallworth. Sannan ya ɗauko Randy Moss daga Oakland Raiders a kan zaɓi ɗaya na zagaye na huɗu a zaɓen sabbin 'yan wasa, wato kusan kyauta. Dalilin arahar shi ne an ɗauka Moss ya ƙare. A 2006 ƙwallo 42 kawai ya cafe, tacdawun uku, ga kuma sunan da ya yi na mai wasa sai ya ga dama.

Ashe bai ƙare ba, wurin zama ne bai dace da shi ba. Haɗa Moss da Welker ya jefa 'yan tsaro cikin tsaka mai wuya. Moss dogo ne mai gudun tsiya, mutum ɗaya ba ya iya tsare shi, dole a ajiye na biyu can baya yana jiransa. Da zarar an ja mutum biyu baya, tsakiyar fili ta buɗe, Welker ya kutsa ya karɓi gajeren jifa ya ƙara yadi bakwai ko takwas. In kuma aka matso don a toshe Welker, Brady ya ɗaga ƙwallo sama Moss ya bi ta. Josh McDaniels, matashin da ke tsara musu hari, ya riƙa jera masu cafewa uku ko huɗu a faɗin fili, Brady kuma ya tsaya ɗan nesa da katangarsa yana karɓar ƙwallo, don ya ga komai tun kafin a taso masa. A jami'o'i an saba da wannan salo, amma a NFL ba a taɓa ganin babbar ƙungiya ta mayar da shi abincinta na yau da kullum haka ba. Yau kusan kowace ƙungiya haka take wasa.

Wasan farko, ranar 9 ga Satumba a gidan New York Jets, sun ci 38 da 14, amma ba sakamakon aka tattauna ba. An kama ma'aikacinsu a gefen fili da kyamara yana ɗaukar alamun hannu da kociyoyin tsaron Jets ke yi wa 'yan wasansu. Kocin Jets ɗin, Eric Mangini, tsohon yaron Belichick ne, ya san sirrin gidan. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya ci Belichick tarar dala 500,000, ya ci ƙungiyar dala 250,000, ya kuma ƙwace musu zaɓinsu na zagayen farko na 2008. Daga baya hukumar ta lalata faifan da aka karɓa, abin da ya sa zargi ya ƙi mutuwa har yau. Ra'ayina a kai shi ne laifi ne, an kuma gargaɗi ƙungiyoyi a rubuce tun kafin nan, don haka hukuncin ya dace. Wanda ke son ya tuhumi kofunansu na baya yana da abin faɗa. Amma ba za ka iya cewa kyamarar ce ta ci musu wasannin 2007 ba, tunda tun a wasan farko aka ƙwace ta, ido kuma ya dawo kansu har ƙarshen kaka.

Abin da rikicin ya haifar shi ne fushi. Suka shiga lallasa mutane ba sassauci. San Diego 38 da 14, Buffalo 38 da 7. Suka je Dallas, wadda ita ma ba a doke ta ba a lokacin, suka zuba mata 48. A Miami Brady ya jefa tacdawun shida. Washington ta sha 52 da 7, inda suna gaba da 38 da nema amma suka ƙi bugun sanduna a dama ta huɗu suka ci gaba da kai hari, har aka riƙa zarginsu da cin fuska. Wasan da ya gwada su a farkon kakar ɗaya ne, na Indianapolis a farkon Nuwamba, su suna da nasara takwas, Colts bakwai, ba wanda ya taɓa faɗuwa. Colts na gaba 20 da 10 a kashin ƙarshe cikin kashi huɗu na wasan, Brady ya juyo da shi 24 da 20. Bayan hutun mako guda suka je Buffalo suka ci 56 da 10, Moss ya cafe tacdawun huɗu kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Yanzu ga lissafin da nake so ka duba da kyau, don shi ne mutane ke tsallakewa. A wasanni goma na farko sun ci maki 411, an ci su 157. Wato kowane wasa suna zuba kimanin 41, suna barin tazarar 25. A wasanni shida na ƙarshe sun ci 178, an ci su 117: kimanin 30 a wasa, tazara ta dawo 10. A sili ɗaya ƙwale sai 31, sannan 21, sannan 14. Ƙungiyar da ta isa Super Bowl tana nan da ƙarfinta, amma ba dodon watan Oktoba ba ce.

Dalilan raguwar ba ɓoyayyu ba ne. Sanyi da iskar Disamba a arewa maso gabashin Amurka ba sa son dogon jifa. 'Yan tsaronsu na tsakiya tsofaffi ne: Junior Seau yana da shekara 38, Tedy Bruschi 34, Rodney Harrison da ke bayansu 35, sannan Rosevelt Colvin ya ji rauni a Nuwamba bai sake dawowa ba. Mafi girma kuma, sauran kociyoyi sun samu faifan wasa goma sun zauna sun yi nazari. Philadelphia ce ta fara nuna hanya. Ta zo Foxborough, gidan Patriots, da kwatabak na benci, A.J. Feeley, masu caca sun ba Patriots tazarar sama da maki 20, amma da ƙyar aka rabu 31 da 28. Kocin tsaron Philadelphia, Jim Johnson, ya sa an riƙa dannar Moss tun daga layin farawa, ana kuma aiko wa Brady mutane ta inda bai zata ba. Ka riƙe sunan Johnson, don wanda ya shirya tsaron Giants a Super Bowl, Steve Spagnuolo, shekara takwas ya yi yana aiki a Philadelphia a ƙarƙashin inuwarsa.

Mako na gaba a Baltimore, in gaskiya za a bi, Patriots sun faɗi Allah ya tashe su. Saura ƙasa da minti biyu, suna baya da 24 da 20, dama ta huɗu, yadi ɗaya suke nema. Brady ya kutsa aka tare shi, wasa ya ƙare ke nan. Sai alƙali ya ce ai kocin tsaron Baltimore, Rex Ryan, ya nemi a tsayar da agogo daga gefen fili kafin a fara, don haka ba a lissafa ba. Aka sake, aka kuma tare su, sai ya zama ɗan Patriots ya motsa kafin lokaci, laifin da ke soke wasan gaba ɗaya, aka mayar da su baya yadi biyar aka sake ba su dama. A ta ukun Brady ya ruga da ƙafa ya ci yadin. Jabar Gaffney ya cafe tacdawun saura sakan 44, aka tashi 27 da 24. Na kawo wannan ne don masu cewa sa'a ce ta hana su kofi su tuna cewa ita ma 16 da babu ɗin da sa'a aka haɗa ta.

Wasan ƙarshe na kaka, ranar 29 ga Disamba, da New York Giants aka yi shi a gidan Giants ɗin. Giants sun riga sun samu gurbinsu a sili ɗaya ƙwale, ci ko faɗuwa ba zai canza musu komai ba, kuma al'ada ita ce a hutar da manyan 'yan wasa. Kocinsu Tom Coughlin ya ƙi, ya zuba kowa. Suka yi gaba da 28 da 16 a kashi na uku kafin Patriots su dawo su ci 38 da 35. A wasan ne Brady ya jefa wa Moss ƙwallo mai yadi 65 wadda ta karya tarihi biyu a lokaci guda: tacdawun na 50 ga Brady, ya wuce 49 na Peyton Manning, da na 23 ga Moss, ya wuce 22 na Jerry Rice. Suka rufe kaka da maki 589, abin da ba a taɓa yi ba sai da Denver ta zo ta ci 606 a 2013. Brady ya yi jifan yadi 4,806, sau takwas kawai 'yan tsaron abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo, Welker ya cafe 112. Amma Giants sun fita daga filin da abin da ya fi sakamako amfani a gare su, sun taɓa jikin mutanen sun ji ashe nama ne.

A sili ɗaya ƙwale Patriots sun doke Jacksonville 31 da 20, Brady ya jefa 28 aka cafe 26. Sannan San Diego 21 da 12, a wasan da aka cafke masa ƙwallo sau uku, alhali kwatabak ɗin San Diego, Philip Rivers, da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa ya buga. A wasannin nan biyu Moss ƙwallo ɗaya ɗaya ya cafe. Bayan na biyun kuma aka ɗauki hoton Brady a New York da takalmin ɗaurin idon sawu a ƙafarsa ta dama.

Su kuwa Giants, ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Nasara 10 suka yi, faɗuwa 6. Wasanninsu biyu na farko an zuba musu maki 80. Kwatabak ɗinsu Eli Manning, ƙanen Peyton, an cafke masa ƙwallo sau 20 a kakar, jaridun New York kullum suna kansa. Sai suka bi gida gida suna cin mutane: Tampa Bay, Dallas, sannan Green Bay cikin sanyin da ke daskarar da fuska, 23 da 20 a ƙarin lokaci. Abu ɗaya suke da shi da ya fi na kowa a gasar, shi ne masu farautar kwatabak. Sau 53 suka ka da kwatabak a kakar, babu ƙungiyar da ta kai su. Akwai Michael Strahan, tsohon hannu da ke kakarsa ta 15. Akwai Justin Tuck. Akwai Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya kafin ya tafi Alabama. Shi ne a watan Satumban wannan kakar ya ka da kwatabak ɗin Philadelphia sau shida a wasa ɗaya, ya gama kaka da 13.

Ga dalilin da ya sa wannan ya zama maganin Patriots. Mai tsaro yana da mutum goma sha ɗaya. In ya tura shida su kamo Brady, biyar ne suka rage su tsare masu cafewa, Brady kuwa ya fi kowa saurin gano wanda aka bari, kafin a iso shi ƙwallo na hannun Welker. In ya tura huɗu kawai, bakwai na baya suna rufe hanyoyi, amma katangar Patriots, wadda uku daga cikin biyar ɗinta, Matt Light da Logan Mankins da Dan Koppen, an zaɓe su cikin gwanayen shekara, takan shanye huɗun, Brady ya tsaya ya zaɓi wanda yake so. Duk kakar sau 21 kawai aka ka da shi. Mafita ɗaya ce: ka samu mutum huɗun da za su iya cin biyar ɗin nan da ƙarfin kansu. Kusan babu mai su sai Giants.

Spagnuolo ya ƙara da wata dabara. Brady ba mai gudu ba ne. In aka taso masa ta gefe, taku ɗaya ko biyu yake yi gaba, ya shige tsakiyar katangarsa, masu zuwa ta gefe su wuce shi. Sai aka ɗauke Tuck, wanda asalinsa ɗan gefe ne mai sauri, aka sa shi a tsakiya yana fuskantar masu nauyin jiki da ba su kai shi zafin nama ba. Strahan da Umenyiora suna matsowa ta gefe biyu, Tuck yana ɓullowa ta gaba, wurin da Brady ya saba fakewa ya zama nan ne haɗarin yake. Wani lokacin kuma su yi kamar za su turo mutum shida sai su janye, ko su yi kamar sun janye sai ɗaya ya faɗo. Dogon jifa zuwa ga Moss yana bukatar sakan uku ko fiye. Ba a ba Brady su ba.

Ranar 3 ga Fabrairun 2008 aka haɗu a Glendale ta jihar Arizona. Masu caca sun ba Patriots tazarar maki 12. Da Plaxico Burress na Giants ya yi hasashen za su ci 23 da 17, Brady dariya ya yi a gaban 'yan jarida, yana mamakin wai maki 17 kawai ake ganin za su ci. Giants suka fara da ƙwallo suka riƙe ta minti 9 da sakan 59, suka tashi da maki uku kacal, amma Brady na zaune a benci duk tsawon lokacin, wanda shi ma riba ce. Patriots suka rama da tacdawun ta hannun Laurence Maroney, 7 da 3. Daga nan sai wasa ya cije. Dab da hutun rabin lokaci Patriots sun fara matsowa, Tuck ya doke ƙwallo daga hannun Brady, Umenyiora ya faɗa kanta.

A kashi na uku Belichick ya yanke hukuncin da har yau nake ganin kuskure ne. Suna kan yadi na 31 daga gidan Giants, dama ta huɗu, suna neman yadi 13. Bugun sanduna daga nan kimanin yadi 49 ne, a fili mai rufi da babu iska, kuma yana da Stephen Gostkowski. Ya ƙi bugawa, ya ce a jefa, jifan ya tafi a banza. Ba tabbas bugun zai shiga, amma cin yadi 13 a gaban mutanen da suka hana ka sakat tun farkon wasa ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Da maki uku aka cinye su.

A kashin ƙarshe Manning ya sami Kevin Boss da jifan yadi 45, sannan ya jefa wa David Tyree tacdawun, Giants 10, Patriots 7. Nan Brady ya nuna ko shi wane ne. Ya haƙura da dogon jifa, ya koma gajeru masu sauri zuwa ga Welker, wanda ya cafe 11 a wasan, da Kevin Faulk, ya tuƙa su yadi 80, Moss ya cafe tacdawun saura minti 2 da sakan 42. Patriots 14, Giants 10. Abin tambaya shi ne me ya hana su komawa wannan salon tun da wuri.

To, nan ne sa'ar da kake tambaya ta shigo. Giants sun faro daga yadi na 17 na gidansu. Brandon Jacobs ya ci musu yadin da ake nema a dama ta huɗu, da ya kasa shi ke nan. Sannan Manning ya yi jifan da ya nufi hannun Asante Samuel na Patriots, ya yi tsalle, ƙwallo ta goge yatsunsa ta fita. Da ya riƙe ta, da yanzu wani labarin muke yi. Wasa na gaba, dama ta uku, ana neman yadi biyar, Jarvis Green da Richard Seymour suka cafko rigar Manning, kowa ya ɗauka ya faɗi, sai ya fizge ya juya ya wurga ƙwallo tsakiyar fili, irin jifan da kowane koci ke hana yaransa. Tyree ya yi tsalle tare da Harrison, ya danne ƙwallon da hannu ɗaya a jikin hular kwanonsa, Harrison na fizgar hannun, suka faɗi tare ƙwallo ba ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32. Tyree ɗin nan ƙwallo huɗu ya cafe duk kakar, kuma bayan wannan bai sake cafe ko ɗaya ba a NFL. Steve Smith ya ƙara yadi 12 a lokacin da ake neman 11, sannan Patriots suka turo kusan kowa kan Manning suka bar Ellis Hobbs shi kaɗai da Burress, wanda ya fi shi tsawo sosai. Tacdawun, saura sakan 35, 17 da 14. A damar da ta rage wa Brady, wani sabon ɗan wasa, Jay Alford, ya keto ta tsakiya ya shimfiɗe shi, karo na biyar ke nan a wasan. Ya tashi ya yi wa Moss dogon jifa har sau biyu, ba wanda ya shiga hannu.

An ba Eli Manning kyautar gwarzon wasa. Ni da za a tambaye ni, Tuck zan ba. Tsaron Patriots ya bar maki 17 ne kawai, kuma a duk wasanninsu 18 na baya ba su taɓa cin ƙasa da 20 ba. Da harinsu ya yi ko rabin abin da ya saba yi a Oktoba, da kamun Tyree ya zama abin kallo kawai a wasan da aka riga aka gama. Da gudu da ƙwallo a hannu kuma yadi 45 Patriots suka ci duk wasan, don haka babu abin da zai sa masu farautar Brady su yi jinkiri.

Game da matsayinsu a tarihi, ƙungiya ɗaya ce a zamanin Super Bowl ta gama kaka ba faɗuwa ba canjaras har kofi, Miami Dolphins ta 1972 ƙarƙashin Don Shula, wasa 17. Ita ke da kambun, ba mai ƙwace mata. Amma in ana maganar wa ya fi ƙarfi, ni Patriots nake sawa a gaba. Miami wasa 14 ta buga a kaka, kuma abokan karawarta na wannan shekarar yawancinsu raunana ne. Patriots sun doke Dallas da Indianapolis, waɗanda kowaccensu ta gama da nasara 13, duka a gidajensu, suka doke San Diego sau biyu, ga Pittsburgh da Jacksonville da su Giants ɗin kansu, a zamanin da dokar ƙayyade albashi ta sa tara taurari a ƙungiya ɗaya ya yi wuya. Ba su ne kuma na farko da irin wannan ta samu ba: Chicago Bears ta 1934 ta ci wasa 13 ba faɗuwa ta je wasan ƙarshe, Giants ɗin nan dai suka doke ta. Tun 2021 an mayar da kaka wasa 17, saboda haka 16 da babu ta Patriots ita kaɗai za ta zauna a littafi.

Ƙungiyar ba ta samu damar gyara abin da ya ɓaci ba. A wasan farko na kakar 2008 Brady ya tsinke jijiyar gwiwa a karawa da Kansas City, ya yi zaman shekara guda. Moss ya bar su a 2010, ya kuma yi ritaya ba tare da ya taɓa cin kofin ba. A Fabrairun 2012 Brady da Belichick suka sake isa Super Bowl, suka sake tarar da Coughlin da Eli Manning, aka sake cinye su 21 da 17. A wannan wasan ma Tuck sau biyu ya ka da Brady.